Amsa ga mai tambayar atunin da yake ta dawowa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Kin ce ɗanki mai shekara shida yana bayan gida da jini da majina, an yi gwaji an ce amiba ce, wato wata ƙwayar cuta mai zama a hanji, ya sha Flagyl har zagaye uku, amma ko wata ba a rufawa sai abin ya dawo. Wallahi na san irin wannan tashin hankali, ki leƙa fo ki ga jini, yaro yana ta yunƙuri yana kuka babu abin da ke fita sai yauƙi, mutanen gida kuma kowa da nasa, wannan ya ce basir ne, wancan ya ce ɗankanoma.

Abin da ba a gaya miki ba shi ne amiba kama biyu gare ta a cikin hanji. Akwai mai motsi, wadda take cin bangon babban hanji ta yi masa gyambo, ita ce take kawo jini da murɗar ciki. Akwai kuma wadda ta naɗe kanta cikin ɓawo ta kwanta, ita ce take fita a kashi ta kama wani. Flagyl, wato metronidazole, jiki yana tsotse shi tun a ƙaramin hanji ya shiga jini, don haka yana kashe mai motsin da ta shiga nama, amma ba ya share waɗanda suke zaune a cikin ramin hanji. Shi ya sa magani biyu ake yi a jere. Bayan an gama Flagyl sai a bi da diloxanide furoate na kwana 10, ko paromomycin na kwana 7. Idan ba a yi na biyun ba, sauƙi zai samu, amma an bar iri a ciki.

Kuma ko Flagyl ɗin, nawa aka ba shi? Nan ne raina yake ɓaci da wasu masu kemis. Uwa ta je a ruɗe, ba a tambayi nauyin yaro ba, ba a tambayi ko da zazzaɓi ba, a miƙo mata kwalba a ce cokali ɗaya safe da yamma kwana uku. Wani ma ya haɗa mata da maganin tsayar da gudawa, loperamide, wanda bai kamata ya kusanci yaron da ke kashin jini ba, domin yana tsayar da hanji ƙwayar cutar ta samu wurin zama, ciki ya kumbura. Ta dawo bayan wata guda, ya sake miƙo mata irin kwalbar jiya ya karɓi kuɗi, ko kunya babu. Ƙa'idar yara ita ce miligiram 35 zuwa 50 a kan kowane kilo na nauyin yaro a yini, a raba uku, kwana 7 zuwa 10. Yaro mai kilo 20 ke nan yana buƙatar miligiram 700 zuwa 1,000 a yini. Na ruwan da aka fi samu miligiram 200 ne a cikin mililita 5, to safe da yamma miligiram 400 kawai ya sha, wajen rabin abin da ya kamata. Diloxanide kuma miligiram 20 ne a kan kowane kilo a yini, shi ma a raba uku. Na kawo lissafin ne don ki gane ko an cuce ki, amma likita ne zai ɗora shi a sikeli ya rubuta. Maganin yana sa ɗacin ƙarfe a baki da tashin zuciya, a ba shi bayan ya ci abinci, kada a daina don jini ya tsaya a kwana na uku.

Sai batun gwajin. Ki ɗauko takardar ki duba me aka rubuta. Idan masu ɓawo kawai aka gani, wannan bai tabbatar da cewa su ne suke sa shi jini ba. Akwai wata amiba mai suna Entamoeba dispar, a madubin gwaji ba ta da bambanci ko kaɗan da mai cutarwar, Entamoeba histolytica, sai a 1993 masana suka raba su a matsayin jinsi biyu, kuma dispar ba ta cin hanji. Akwai Entamoeba coli ma, ita ma zaman lafiya take yi. Abin da yake nuna mai laifin shi ne a ga mai motsi da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta ta haɗiye. Ita kuwa ba ta daɗewa a waje, don haka kashin ya isa ɗakin gwaji da ɗuminsa, cikin rabin awa, a ɗebo daga wurin da jini da majina suke, a robar da suka bayar, kada fitsari ko ruwa ya taɓa shi. Wanda aka yi da asuba aka kai da hantsi ya riga ya lalace. A yi sau uku a ranaku daban-daban, kuma kafin a fara magani.

Ina faɗin haka ne don a yara ƙanana yawancin kashin jini ba amiba ba ce, bakteriya ce mai suna Shigella. Ita farat ɗaya take zuwa da zazzaɓi mai zafi, yaro ya yi laushi, ya zaga sau da yawa a yini. Amiba a hankali take tasowa, sati ɗaya zuwa uku, sau da yawa babu zazzaɓi sosai. Flagyl ba ya taɓa Shigella, ciprofloxacin ko azithromycin likitoci suke bayarwa. Ki roƙi a yi masa gwajin shuka ƙwayar cuta a kashin. Idan kuma wata rana kika ga gudawa babu jini, mai maiƙo da mugun wari, ciki ya cika da iska, gyatsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wannan ta fi kama da giyadiya, wata ƙwayar cuta ce daban, a ƙaramin hanji take zama. Bayan an warke daga ita madara takan riƙa sa zawo na ɗan lokaci, sai a ɗauka cutar ce ta dawo. Maganin tsutsar ciki da ake rabawa a makaranta kuwa ba ya kashe amiba, kada ki dogara da shi.

Mai yiwuwa kuma warkewa yake yi ya sake ɗauka. Mafi yawan masu ɗauke da amiba, wajen tara cikin goma, lafiyarsu ƙalau suke yawo, to a gwada sauran yaran gidan da duk mai ɗora tukunya. Masu ɓawon nan sukan yi makonni a ruwa da danshi, kuma ɗan sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo ba ya kashe su. A tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a zuba a abin da ke da murfi, a daina tsoma kofin kowa a randa. Ruwan 'yan garuwa, ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo da kunun aya na bakin makaranta, salak da kabeji da karas na lambun da ake ba ruwan kwata, duk hanyoyi ne. A yanke masa farce, a wanke hannu da sabulu bayan tsarki, buta kaɗai ba ta isa ba, a zubar da fo a masai nan take saboda ƙuda.

Kafin ku ga likita, ruwan gishiri da sukari na leda bayan kowane zagaye, da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, kuma a ci gaba da ba shi abinci. Don Allah idan ya rame kada wata ta ba ki shawarar maganin ƙiba, wasunsu akwai dexamethasone a ciki, magani mai rage garkuwar jiki, shi kuwa idan ya haɗu da amiba yana iya sa hanji ya ɓule. Idan cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko idonsa ya faɗa ya kasa shan ruwa, asibiti ko da tsakar dare ne. Haka idan zazzaɓi ya ƙi sauka ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko da gudawar ta daɗe da tsayawa, ki ce a yi masa hoton ciki, domin amiba tana bin jini ta je hanta ta tara ruwa a can.