Amsa: manhajar Node.js tana mutuwa da an rufe SSH

Malam, ka ce da zarar ka rufe SSH, wato hanyar da kake shiga sabar daga nesa, sai manhajarka ta Node.js (abin da ke gudanar da JavaScript a kan sabar) ta tsaya cik. Sabar ba ta da laifi. Da umarnin node app.js ka tayar da ita, don haka ranta na hannun tagar SSH ɗin. Saka PM2 (manhajar da ke riƙe manhajojin Node su ci gaba da aiki ko an rufe SSH), ka tashe ta da pm2 start app.js, sannan pm2 startup da pm2 save. Biyun ƙarshen nan, masu sa manhajar ta tashi da kanta in an kunna sabar, su ake yawan mantawa, sai an sake kunna sabar a ga wayam.

Kada kuma ka bar Node yana fuskantar intanet kai tsaye. Ajiye shi a tasha (port) ta 3000, Nginx (mai karɓar baƙi daga intanet ya miƙa wa Node) ya tsare ƙofa a tashoshin 80 da 443. Ni dai maimakon PM2, systemd (mai kula da tada manhajoji a Linux) na fi so, amma PM2 zai fi maka sauƙi yanzu.