Girafik a cikin furosesa: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Laftof nake son saya, mai kayan ya ce min wai girafik ɗinta (ɓangaren da ke sarrafa hoto) a cikin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) yake, ba ta da kati daban, wai haka ake yayi yanzu. Ni dai tsorona kar a sayar min da rabin kaya. Aikina rubuce-rubuce ne da kallon bidiyo, sai ɗan gem jefi-jefi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai kayan bai yi maka ƙarya ba, abin ma ba sabo ba ne. Tun 2006 AMD mai ƙera furosesa ta sayi kamfanin ATI mai ƙera katin girafik a kan kusan dala biliyan 5.4 don ta haɗe furosesa da girafik wuri ɗaya, a 2011 ta fito da shi da sunan APU, a shekarar ce ita ma Intel ta cusa girafik cikin furosesarta Sandy Bridge. Kai har PlayStation 4 da ake ta buga gem a kai haɗaɗɗen ne a cikinta.

Ribarka a fili take, kuɗi ya ragu, batir ya fi jimawa, zafi kaɗan, fanka ba za ta dame ka da ƙara ba. Aikin da ka lissafa kuwa wallahi ya ishe ka har da ragowa.

Amma ga inda masu saye ke faɗawa rami. Katin girafik na daban yana zuwa da ma'ajiyarsa, shi kuwa na cikin furosesa ba shi da komai, daga RAM ɗinka, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, yake gutsura, toh kaga in ka ɗauki mai 8GB ka buɗe burauza da shafuka rututu ga gem a gefe sai ta fara jan ƙafa ka yi ta zagin furosesa alhali ba laifinta ba ne. Nemi 16GB in aljihu zai ɗauka, kuma sanda biyu na RAM sun fi guda ɗaya sauri nesa ba kusa ba a irin wannan kwamfutar. Ka tambayi mai kayan ko RAM ɗin a liƙe yake da bod, wato babban allon cikin laftof, don da yawa yanzu haka suke, Apple ma tun furosesarta M1 ta 2020 abin da ka saya da shi kenan ba ƙari.

In kuma wata rana ka koma editin bidiyo mai nauyi ko manyan gem, girafik ɗin ba ya ciruwa balle a canza shi, sai dai sabuwar laftof mai katin Nvidia ko AMD daban.