Sai na ƙara kwamfuta saboda aikin Larabci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Kabuga, kusa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Aikina ya haɗa Turanci da Hausa da Larabci: furojet ɗin ɗalibai, katin walimar sauka, takardun jarrabawar Islamiyyu. Yaron shagona yana ɓata lokaci wajen sauya harshen rubutu da linzamin kwamfuta (mouse), har kwastoma ya ƙosa. Ina so in je Beirut Road in sayo kwamfuta ta biyu don Larabci kaɗai. Ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Kwamfuta ta biyu ba za ta magance maka komai ba, domin furojet ɗin ɗalibin sashen Larabci ko na nazarin addini aya ce a sama, fassara a ƙasa, duk a shafi guda. Za ka raba shafin tsakanin injina biyu ne? Ga ƙarin wuta da man janareta.

Abin da kake nema yana cikin Windows ɗin da ke gabanka. Idan ka saka kibod ɗin Hausa da na Larabci a saitin harshe, riƙe maɓallin Windows ka taɓa Space, harshe zai sauya nan take. Alt na hagu da Shift ma suna yi. Sai dai wannan zagaye ne: mai harshe uku wani lokaci sai ya danna sau biyu kafin ya isa inda yake so, a nan ne yaro ke rikicewa ya buga rabin layi da haruffan da ba su ba.

Don haka na fi son a bai wa kowane harshe lambarsa. Shiga Settings, ka nemi Advanced keyboard settings, sannan Input language hot keys. A nan za ka iya cewa Ctrl da Shift da 1 Turanci ne, 2 Hausa, 3 Larabci. Rubuta su a 'yar takarda ka liƙa a gefen allo, hannu zai saba da kansa.

Idan kuma maɓalli ɗaya tak kake so, akwai PowerToys, manhajar Microsoft ce kuma kyauta. A sashenta na Keyboard Manager kana iya mayar da Caps Lock ya riƙa yin aikin Windows da Space. Amma ka san abu biyu. Dole manhajar ta kasance a kunne, in an rufe ta maɓallin ya koma yadda yake. Sannan Caps Lock zai daina ba da manyan baƙaƙe, masu furojet kuwa suna son kanun babi da su, to ka koya wa yaron ya zaɓi layin a Word ya danna Shift da F3. Ka kuma gargaɗe shi ya duba alamar harshe a kusurwar allo kafin ya buga kalmar sirri, musamman idan kuna yi wa mutane rajista a intanet.

Abin da za ka saya bai wuce sitikar haruffan Larabci ba, ko kibod mai ɗauke da su, tunda yawancin namu Turanci kawai aka zana a kai.

Inda kuɗin yake shi ne farashi. Shaguna da yawa ɗ da ƙ da ɓ ma ba sa sakawa, su rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", malami ya dawo wa ɗalibi da aikinsa. Kai da za ka fitar da Hausa da ƙugiyoyinta, Larabci da wasullansa, bai kamata ka karɓi kuɗin shafin Turanci ba. Ware musu farashi dabam, mai wasali ya fi marar wasali, ka rubuta a bango don kada a yi ta ciniki. Kuɗin kwamfutar kuwa, in har sun taru, batir da inbata za su fi yi maka amfani a lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa furojet, wuta kuma ta ɗauke.