Tambaya da Amsa: Steam zai iya sayar da gem ɗin waya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina da ɗan shagon cajin waya a ƙauyenmu kusa da Ringim, ina kuma tura wa samari gem daga kwamfuta. Abokina ya nuna min Steam inda ake sayen gem ɗin kwamfuta, to dan Allah ba za su iya saka na waya ba, in saya sau ɗaya in riƙa tura wa kwastomomi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Iyawa kam za su iya don wani ya riga su. Kamfanin Epic Games masu gem ɗin Fortnite sun buɗe shagonsu na kwamfuta a 2018, sai a watan Agustan 2024 suka kawo na waya, Android ko'ina a duniya, iPhone kuwa a lokacin sai ƙasashen Tarayyar Turai kaɗai saboda can ne doka ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa. Kuma fa sai da aka sha rigima, a 2020 Apple da Google suka cire Fortnite daga shagunansu kan kashi 30 cikin ɗari da suke yanka a lokacin daga cinikin da ake yi a cikin gem.

Shi Steam tun 2003 yake, yana da manhajar waya amma gem ɗin kwamfuta kake saya a ciki. Wanda aka gina don Windows da kibod ba zai hau Tecno ɗinka ba sai an sake masa gini, sannan kasuwar waya daban take, kai ma shaida ne, Free Fire da PUBG kyauta ake saukewa, kuɗin yana wajen sayen dayamon da UC ne, wato kuɗin da ake kashewa a cikin gem ɗin.

Amma inda nake so ka tsaya shi ne maganar saya sau ɗaya. Ko gobe Steam suka fara sayar da na waya, abin da ka saya a asusunka yake ɗaure, ba kamar fim ba ne da za ka harba ta Xender mutum goma su kalla. Gem ɗin kuɗi waɗanda ake cewa an fasa don a same su kyauta kuwa wallahi ina ji maka tsoronsu, cikinsu ake cusa manhajar satar lambobin sirri, yaro ya tafi da ita a wayar da babansa ke karɓar kuɗin riɗi, gobe shagonka za a yi wa tsinke. Ka tsaya kan na kyauta daga Play Store, ka karɓi kuɗin data da na wahalarka.