Ukulele ɗinmu na ta tsinkewa, mu saka wayar ƙarfe?

Tambaya: Malam barka da aiki. Mu tara ne muka kafa ƙungiyar kaɗa ukulele a unguwarmu, ana ta mana dariya wai jitar yara ce, har mutum biyu sun daina zuwa. Akwai inda irin wannan ƙungiya ta taɓa ɗorewa kuwa? Sannan tsirkiya na tsinke mana, wani mai gyara ya ce mu saka wayar jita ta ƙarfe mu huta.

Amsa: Ɗan'uwa, rabu da masu dariya. Ukulele Orchestra of Great Britain da wasa suka fara a Landan a 1985, George Hinchliffe da Kitty Lux da abokansu, amma a 2009 sai ga su a Royal Albert Hall, shahararren zauren kiɗa na Landan, 'yan kallo kusan dubu kowa ya zo da tasa ana kaɗawa tare. Kayan ma ai na 'yan ci-rani ne, kafintoci daga tsibirin Madeira na Fotugal da jirgin ruwa ya sauke a Hawaii a 1879, irin su Manuel Nunes, su suka fara ƙera ta har Sarki Kalakaua na Hawaii ya shigar da ita fada.

To amma maganar wayar nan ita ta tayar min da hankali. Don Allah kar ku saka. Kar ku saka! Wallahi na gaji da wannan ɓarnar, kusan kullum sai an kawo min wadda aka kashe haka. Jakin ukulele, wato inda tsirkiya ke ɗaure a fuskarta, da gam aka manna shi a kan katako siriri, wuyanta kuma babu sandar ƙarfe a ciki irin ta jita, saboda tsirkiyar nailan aka yi ta. Kana ɗaure ƙarfe kana murɗawa, ranar farko za ka ji ƙara rau kana murna, kwana kaɗan fuskar ta kumbura, wuyan ya lanƙwashe, wata rana kana cikin kiɗa jakin ya ɓalle fau, wayar ta yi bulala, kuma a ƙirji ake rungume abin nan, idonka na kusa. Akwai wadda aka kawo min, jakin ya tafi da ɓallin katako kamar an ɓare rogo, yaron da ke riƙe da ita Allah ne ya kiyaye, a kumatu ta shaushe shi. Shi mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, da za ka tambaye shi G-C-E-A ma, wato sautin tsirkiyoyin ukulele huɗu, sai ya zare ido.

Sabuwar nailan dama tana saki sati ɗaya ko biyu, ku dinga saitawa a hankali, ba lalacewa ba ce. In a wuri ɗaya take tsinkewa kullum, akwai kaifi a wajen, a goge da sanfefa mai laushi. In ba ku samu ta kanti ba, zaren fatsa na kamun kifi yana yi, ku dai nemi kauri daban-daban, ta C ta fi kauri, ta A ta fi siranta.

Su biyun da suka gudu kuwa ku ci gaba da tura musu lokacin haɗuwa a WhatsApp.