Ina ƙwarin da ke ɓata gilashin mota suka tafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni direba ne, sama da shekara 20 ina jigila tsakanin Funtua da Gusau. A da in damina ta kankama kana tafiyar dare sai ka tsaya sau biyu ko uku ka wanke gilashi saboda ƙwari, amma yanzu wlh sai in je in dawo gilashin tas. Ko shingen da muke tara a ƙarƙashin fitila muna yara ya yi ƙaranci, maƙesu kuwa rabona da shi har na manta. To ni dai na ɗauka sauƙi muka samu, amma ga sauro nan yana cinye mu. Menene gaskiyar abin? — Wani direba, Funtua

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da idonka ya gani direbobi a Turai ma sun daɗe suna faɗa, kuma an auna shi. A ƙasar Jamus wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta garin Krefeld ta yi ta kafa tarkon raga a wurare 63 da aka killace, daga 1989 har 2016, suna ɗora abin da ya faɗa ciki a sikeli. Da aka fitar da sakamakon a 2017 sai aka ga nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100, kuma fa a dajin da aka hana taɓawa kenan.

Sauƙi kuwa a'a, ba sauƙi ba ne. Sauro kwatami da tsohuwar taya sun ishe shi ya hayayyafa, kuma ya riga ya saba da yawancin magungunan da ake fesa masa, shi ya sa kake ganin yana nan daram. Waɗanda ke tafiya su ne masu yi mana aiki ba ko sisi: ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, buzuzu da ke binne kashin shanu ya zama taki, da mazari wanda shi kansa sauron yake ci. Gero da dawa da masara iska ke kai musu garin fure don haka su da sauƙi, amma kankana da kabewa da mangwaro da kaɗanya sai ƙwaro ya sauka kan furen nan ya tashi ya sauka kan wancan kafin su yi 'ya'ya sosai, auduga da riɗi ma sun fi albarka in zuma ta ziyarce su. A gundumar Hanyuan ta China har ta kai manoma na hawa bishiya da ɗan buroshi suna shafa wa furanni ɗaya bayan ɗaya da hannu. Tsuntsaye da jemagu da kwaɗi kuma ƙwarin ne tuwonsu, in babu su ma sai su ragu.

Abin da ke jawo haka ba ɓoyayye ba ne, an sare daji an maida gona da gidaje, ana ƙona ciyawa duk rani, ga canjin yanayi, sai kuma feshin maganin ƙwari. Tarayyar Turai a 2018 ta hana amfani da wasu magungunan kashe ƙwari guda 3 da ake kira neonicotinoid a fili saboda zuma. Mu kuwa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ka ga mutum ya goya tankin feshi da hantsi, wake ya yi fure zuma na ta shawagi, ya haɗa magani kala biyu ko uku ba awo ya bi gona ya wanke ta.

In kana noma ko kana da ɗan'uwa manomi ka ce masa ya bari sai yamma lis zuma ta koma amya kafin ya fesa, ya bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kada ya wanke tankin a rafi, gefen gona kuma a bar 'yar ciyawa da bishiya ko biyu. Masu cin zuma su ma hayaƙi kaɗan ya isa a ɗebi saƙa, ba sai an babbake gidan gaba ɗaya ba.