Dila ya ƙwace motar da nake biya wata-wata, ina mafita?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ni direba ne, ina lodin Gusau zuwa Sakkwato. Bara na karɓi Sharon hannun wani dila nan Gusau kan naira miliyan 9. Na ba da kafin alƙalami miliyan 2, saura kuma dubu 350 duk wata har wata 20, in na gama mota ta zama tawa. Na biya wata 11 ban saɓa ba. Sai giya ta lalace, mota ta yi mako uku gareji, ga hanya ba kullum take biyuwa ba, har wata biyu suka shige ni. Ran Talata yaranshi suka iske ni tasha suka amshe makulli. Yanzu ya ce duk abin da na biya kuɗin haya ne, zai sai da mota, kuma in na ƙara zo mishi da wagga magana zai haɗa ni da 'yan sanda. Ya kuma aza mini tarar dubu 50 kan kowane watan da na makara. Takardar da muka sa wa hannu tana wurinshi, bai ba ni tawa ba.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Na san zafin a raba mutum da abin neman abincinsa a gaban abokan sana'arsa, amma kada zafin ya sa ka yi abin da zai ɓata maka hujja, domin bisa abin da ka faɗa, hujjarka mai ƙarfi ce.

Mu fara da lissafi. Miliyan 2 na kafin alƙalami, da dubu 350 sau 11, wato miliyan 3 da dubu 850, sun haɗu miliyan 5 da dubu 850. Riƙe wannan adadi.

Akwai dokar tarayya ta 1965 mai suna Hire Purchase Act, wadda ta shafi duk motar da aka bayar haya da sharaɗin in an gama biya ta zama ta mai biya, komai tsadarta. Gaskiya ne a irin wannan ciniki motar tana nan mallakin dila har ka biya na ƙarshe. Sai dai sashe na 9 ya ɗaure masa hannu: da zarar mutum ya biya kashi uku cikin biyar na jimlar kuɗin mota, mai ita ba shi da ikon karɓe ta sai ta hanyar kotu. Kashi uku cikin biyar na miliyan 9 shi ne miliyan 5 da dubu 400. Kai ka wuce nan da dubu 450. Dokar ta kuma faɗi hukuncin wanda ya ƙetare wannan iyaka: yarjejeniya ta warware, babu sauran bashi a kanka, kuma kana da damar neman a dawo maka da duk abin da ka biya.

Akwai ƙofa ɗaya da diloli ke fakewa da ita, kuma gara ka san ta kafin a kawo maka. Idan biya uku ko fiye suka taru ba a biya ba, an yarda mai mota ya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci. Ajiya aka ce, ba sayarwa ba. Kai kuwa biyu ake bin ka, ba uku ba.

Batun takarda ma ba ƙarami ba ne. Dokar ta wajabta a rubuta farashin motar na kuɗi hannu da na biya sannu-sannu, a kuma ba mai haya kwafinsa cikin kwana 14. Wanda bai yi haka ba, zai sha wuya kafin kotu ta bar shi ya tilasta yarjejeniyar, sai fa in alƙali ya ga rashin kwafin bai cutar da kai ba. Duk da haka dole lauyanka ya ga takardar nan, don ita za ta nuna irin cinikin da kuka ƙulla. In haya ce zalla, wadda ake mayar da mota in wa'adi ya cika, wata doka ce daban ta 2015 ke kula da ita, kuma kariyar kashi uku cikin biyar ba ta kai can ba. In kuma saye ne da bashi, to motar taka ce tun ranar farko, shi kuɗi kawai yake bin ka. Yadda ka bayyana, farashi a yanke da alkawarin mallaka a ƙarshe, bai yi kama da haya zalla ba.

Tunda a Zamfara muke, inda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki tun shekarar 2000, mu duba ta nan ma, don na tabbata dilan zai fi jin wannan. A fiƙihu, in ya ce ijara ce, wato haya, to babban gyara irin na giya a kan mai mota yake muddin ba sakacinka ya jawo ba, kuma kwanakin da mota ta yi a gareji ba ta amfanuwa babu kuɗin haya a kansu. In ya ce ciniki ne na bashi, to ba shi da hurumin riƙe kuɗinka ya kuma sayar da motarka. Ya zaɓi ɗaya, ba zai ci tudu biyu ba. Tarar dubu 50 kuwa, ƙari ne a kan bashi saboda jinkiri wanda zai shiga aljihun mai bin bashi, kuma wannan riba ce. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara jinkiri ta umarta a yi wa wanda ke cikin ƙunci. Amma kai ma ka sani dubu 700 na wata biyun nan haƙƙi ne a wuyanka in kana son ciniki ya ci gaba.

Barazanar 'yan sanda kada ta razana ka. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko bashi kawai. Abin da zai ba su ƙofa shi ne ka kwashi abokai ku je ƙwato mota da ƙarfi, ko ka yi masa barazana a waya. Nan take maganar za ta koma ta laifi, kai da aka zalunta ka koma wanda ake tuhuma.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Me kake so, motar ko kuɗinka? In ka bi sashe na 9 har ƙarshe, kuɗi za ka samu, mota ta tafi. Ka shiga kasuwa ka tambayi nawa Sharon irin taka take yau. In miliyan 5 da dubu 850 ba za su saya maka kamarta ba, ga kuma watannin da shari'a za ta ci kana zaune babu lodi, to a ganina ka riƙe dokar a matsayin sanda a hannu, ka nemi sulhun da zai dawo maka da mota. Dilan da lauya ya nuna masa cewa zai iya amayar da kusan miliyan 6, yakan sauko.

A makon nan, je banki ka karɓi bayanin asusunka mai hatimi, wanda ya nuna duk turawar da ka yi masa. Abin da ka ba shi hannu da hannu, nemo rasit ko wanda aka yi a gabansa. Rubuta lambar mota da lambar shasi. Sannan ka nemi mutum biyu daga cikin waɗanda ke tasha ran Talata su tsaya maka shaida cewa karɓe makulli aka yi, ba kai ka miƙa da yardarka ba. Wannan shaida tana da nauyi ƙwarai, domin kariyar sashe na 9 ba ta aiki ga wanda ya mayar da mota don kansa. Saboda haka kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda, kada kuma ka tura masa saƙon murya kana cewa ka haƙura.

Daga nan lauya ya rubuta masa wasiƙa: ya ba da kwafin yarjejeniya, ya dakatar da sayar da mota, ya dawo da ita cikin kwanakin da za a ƙayyade, kai kuma a shirye kake ka biya bashin wata biyu. In ka ji ƙishin-ƙishin ya fara nuna wa masu saye, kada a jira amsar wasiƙa, a tafi Babbar Kotun Jiha a Gusau a nemi umarnin hana sayarwa, don in mota ta shiga hannu na uku fito da ita aiki ne. In kuɗin lauya ya gagara, gwada ofishin hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, kuma kana iya kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta intanet.

Wajen zaman sulhu, tafi da shugaban tasharku na ƙungiyar direbobi ta NURTW da wani dattijo cikin masu sayar da motoci wanda dilan ke jin kunyarsa, ko ku zauna a ofishin Hisba. Abin da za ka nema a fili yake: a soke tara, a raba dubu 700 ɗin a kan watanni bakwai da suka rage, a duba kuɗin gyaran giya, a ba ka makulli ranar. Duk abin da aka amince a rubuta shi kwafi biyu, shaidu su sa hannu, kuma kada ka tashi daga wurin sai naka yana aljihunka.